Ranar da Aka Ɗauki Baba Sallau Hoto Yana Gudu

A Tashar Ɗorawa, inda 'yan acaɓa ke jera mashinansu a bakin kasuwa, akwai wani dattijo ana ce masa Baba Sallau. Shekara ashirin da uku yana acaɓa, kuma a cikin shekarun nan kaf bai taɓa kayar da fasinja ba, bai taɓa take ko ɗan tsako ba. Madubin mashin ɗinsa ma wanda ya zo da shi daga kamfani ne. Wannan ita ce shaidar da masoyansa ke yi masa. Masu neman sa da tsokana kuwa cewa suke, to ta ina zai kayar da mutum, wanda in ya ɗauko ka daga asibiti kafin ku isa gida ka warke?

Maganar gaskiya dai, Baba Sallau ba ya gudu. Ba kuma laifin mashin ba ne, mashin lafiyarsa ƙalau. Shi dai haka Allah Ya yi shi. Saboda haka fasinjojinsa sanannu ne: masu ciki, masu jego, masu kai ƙwai kasuwa, da tsofaffin da ƙashinsu ba ya son jijjiga. Babbar cikinsu ita ce Iya Tabawa mai fura, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa da ke dogara sanda. Kullum da hantsi zai je ƙofar gidanta ya ɗauko ta da ƙwaryarta a ka, ya sauke ta a kasuwa ko ɗigon nono bai zuba ba. Ta sha rantsuwa cewa bayan Sallau ba ta hawa mashin ɗin kowa. Ranar da bai zo ba, da ƙafa take takowa, kuma in ta fito da hantsi sai ta ji kiran azahar a hanya.

Dattawa suna ganin girmansa a kan haka, amma samarin tasha ba su da wannan kunyar. Su ne suka laƙaba masa Baba Hawainiya. Ba sa faɗa a gabansa, sai ya ba da baya, amma kunne ai ba a gaba kaɗai yake ji ba. Yana ji, yana haɗiyewa, kuma abin yana ci masa rai fiye da yadda kowa ke zato.

Ana nan sai shugaban tashar ya ajiye acaɓa ya koma gona, aka sa ranar Asabar za a zaɓi sabo. Dattawa suka taru suka ce Sallau ya fito. Samari kuma suka tsayar da nasu, wani Nafi'u da ake yi wa kirari da Guguwa, wanda in ya wuce ka a titi sai daga baya kake jin ƙarar. Nafi'u ya buga fasta ya manna ko'ina: ga shi a kan mashin, tayar gaba a sama, riga na tashi a bayansa. Baba Sallau kuwa ya ɗauko tsohon hotonsa na katin ƙungiya, wanda ya zauna ya ɗora hannuwa a gwiwa ya zare ido, aka ƙara masa girma aka manna a jikin bishiyar ɗorawar da ke tashar.

Washegari da safe ya iso tasha ya tarar samari sun yi da'ira a gaban hoton. Bai kashe mashin ba ya ji wani yana cewa, "Kun ga ikon Allah, ko a hoton ma a fake yake." Wani ya karɓe, "Mu shugaban da muke so shi ne wanda in an kama mashin ɗin ɗan ƙungiya da safe, zai isa wurin kafin ma'aikata su tashi."

Aka kwashe da dariya. Har cikin dattawan da suka tsayar da shi ya ga wani ya kawar da kai yana gyara hula, kafaɗunsa na rawa. Wannan ne ya fi ƙona masa rai. A take ya ƙudurce cewa sai ya buga fastar da za ta rufe bakin kowa, fastar da za a gan shi a kan mashin yana tsala gudu. Ya tambaya aka ce masa in yana son fasta ta fito kafin Asabar, to lalle hoto ya isa wurin mai bugawa ranar Alhamis kafin la'asar.

Sai ya nufi shagon Ɗayyabu mai hoto. Shi Ɗayyabu shekararsa goma sha biyu yana ɗaukar fasfo da hotunan suna da na biki, mutum ne mai son a ce ya iya, kuma ba a taɓa kawo masa aikin da ya ce bai sani ba.

"Ɗayyabu, kana ɗaukar abu yana tafiya?"

"Baba, ko tsuntsu ne a sama."

"To ni za ka ɗauka. A kan mashin. Ina gudu."

Ɗayyabu ya dube shi, ya dubi mashin ɗin da ke ƙofar shago, ya yi tarin da ba na mura ba. Amma da ya ga fuskar dattijon babu wasa, sai ya gyara zama ya shiga bayani. Ya ce hoton gudu dabara gare shi. In ka ɗauka haka kawai, mashin zai fito kamar an kafe shi. Abin da ake yi, mai hoto ya tsaya a bakin titi, in mashin ya zo wucewa ya bi shi da kyamara yana juyawa tare da shi, sannan ya danna. Mai mashin zai fito tar, amma bango da bishiya da duk abin da ke bayansa sai su goge, su zama zane-zane.

"Wannan gogewar ita ce shaida, Baba. Duk abin da ka ga ya goge a hoto, to gudu ne ya goge shi."

Maganar ta yi wa Baba Sallau daɗi har ya maimaita ta sau biyu. Suka yi alkawarin Alhamis da hantsi, a titin bayan makarantar firamare, wanda yake miƙaƙƙe ga doguwar katanga, kuma ba mutane sosai. Ya roƙi Ɗayyabu kada kowa ya ji.

Ba wanda ya faɗa, amma Baba Sallau ne ya tona wa kansa asiri. Duk tasha an san ranar Juma'a yake wanke mashin, shekara da shekaru. Ranar Alhamis da sassafe aka gan shi a bakin famfo yana dirzar taya da soso. Aka kuma ga ya saka rigar ƙungiya da guga, ga baƙin tabarau da ya aro wurin maƙwabcinsa. Sannan hantsi ya yi bai bi ta ƙofar gidan Iya Tabawa ba, abin da bai taɓa yi ba in ba rashin lafiya ba. Kafin ya isa bayan makaranta, mashina sun fi ashirin a inuwar darbejiya, Nafi'u a gaba ya kishingiɗa a kan nasa yana cin gyaɗa.

"Sannu da fitowa, Baba," in ji Nafi'u cikin ladabin da ya fi zagi ciwo. "Mun ji an ce yau za ka yi gudu, shi ne muka ce kada a ba mu labari."

Baba Sallau ya wuce su ya nufi wurin Ɗayyabu. Komawa gida dai ba ta taso ba. Ɗayyabu ya tsaya a bakin titi saitin tsakiyar katangar, inda aka rubuta da baƙin fenti cewa an hana zuba shara a nan. Ya nuna wa Baba wani durumi can nesa.

"Daga can za ka taho. In ka kusa zuwa saitina zan ɗaga hannu. Da ka ga hannuna a sama, ka murɗa totur, ka ba shi wuta duka. Kada ka dube ni, ka dubi gabanka."

Baba Sallau ya tafi gindin durumi, ya juyo, ya yi bisimilla. Ya taho. Ba laifi, ya ɗan fi na kullum. Giya ta biyu, ta uku. Ya kusa katanga, Ɗayyabu ya ɗaga hannu sama.

Ai kuwa sai mashin ya rage gudu, ya kunna sigina, ya gangaro gefen titi a hankali, ya tsaya cak a gaban Ɗayyabu. Baba Sallau ya sauke ƙafa ƙasa, ya ɗaga gira ya ce, "Ina zuwa?"

Sai da maganar ta fita daga bakinsa sannan ya ji ta. 'Yan inuwar darbejiya kuwa har da masu faɗowa daga kan mashin. To me za a yi? Mutumin da ya shekara ashirin da uku duk hannun da ya gani a sama a bakin titi abincinsa ne, ba a rana ɗaya za ka ce wa ƙafarsa ta manta birki ba. Ba shi ya taka ba, ƙafar ce ta yi aikinta.

"Baba, ni ne fa, Ɗayyabu."

"Na gane ka. Gwada birkin nake yi."

Ya koma gindin durumi yana yi wa kansa faɗa. Wannan karon tun daga nesa yake nanatawa a ransa, ba fasinja ba ne, ba fasinja ba ne. Ɗayyabu ya ɗaga hannu. Baba Sallau ya cije, ya yi ta maza, ya wuce shi da kamar taku biyar, sannan ƙafar ta ci ƙarfinsa ya tsaya. Bai gama jin kunyar ba sai ga wasu baƙin 'yan acaɓa biyu da ke wucewa ta ɗaya hannun, su ma sun hango hannu a sama, sun yo kwana a guje sun saka Ɗayyabu a tsakiya. Wannan ya ce shi aka fara tsayarwa, wancan ya ce ƙarya ne, shi aka kalla. Da ƙyar Ɗayyabu ya fahimtar da su cewa ba inda za shi. Ɗayan ya yi tsaki yana juya kan mashin ya ce, "In ba tafiya za ka yi ba, ka riƙa ajiye hannunka a aljihu, malam. Nan titi ne."

Aka bar maganar hannu. Ɗayyabu ya ce to zai yi fito. Wannan ma ya fi muni, don Baba Sallau ya riga ya gota lokacin da fiton ya tashi, sai ga shi ya yi kwana ya dawo yana waige-waigen wanda ya kira. Aka gwada gyaɗa kai, ya tsaya. Aka gwada ɗaga hula, ya tsaya har da amsa gaisuwa. Ashe babu wata alama da ɗan Adam zai yi a bakin titi wadda Baba Sallau bai taɓa ɗaukar fasinja da ita ba.

Rana ta take. Ɗayyabu ya share gumi ya ce, "Baba, mu bar alama gaba ɗaya. Kai dai taho da gudunka ka wuce, ni na san lokacin da zan danna."

Wannan shawara ta yi. Baba Sallau ya taho, ba hannu, ba fito, ba komai. Mashin ya ɗauki hanya sosai, har masu dariya suka yi shiru. Ɗayyabu ya kafa ido a kyamara, ya fara juyawa da shi, komai ya zauna daidai. Yatsansa na kan madanni. Sai bakinsa, wanda shi ma ya shekara goma sha biyu yana ɗaukar fasfo, ya buɗe da kansa ya ce da ƙarfi, "Yauwa, tsaya haka, kada ka motsa."

Baba Sallau kuwa mutum ne mai bin doka. Ya tsaya, ya miƙe wuya, ya juyo ya zare wa kyamara ido.

Nan fa aka rasa wanda zai yi wa wani faɗa. Ɗayyabu ya dafe kai. Nafi'u ya sauko daga mashin ɗinsa ya tsuguna yana riƙe da ciki, yana roƙon a taimaka a daina haka nan, shi cikinsa ya ƙulle.

Aka yi azahar a masallacin makaranta. Bayan an idar, su biyun suka raɓe a gindin katanga nesa da jama'a. Ɗayyabu ya duba kyamara ya ga batir ya kusa ƙarewa, bai fi a yi ɗauka ɗaya ko biyu ba. Ya sassauta murya ya ce, "Baba, ko mu haƙura? Zo mu je shago in zaunar da kai a kan mashin, in kunna maka fanka rigarka ta tashi. Wa zai sani?"

"Su waɗannan da ke zaune makafi ne?"

Baba Sallau ya cire tabarau ya goge idonsa da bakin riga. Sannan ya ce, "Ɗayyabu, ba shugabancin ne ya dame ni ba. Ni ban iya gudu da 'ya'yan mutane a bayana ba, kuma ban yi nadama ba. Amma shekaranjiya 'yar autata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai 'yan ajinsu sun ce mata 'yar gidan Hawainiya. Ta tambaye ni wai da gaske ne ban iya gudu ba. Na ce mata ta jira ta ga fasta."

Ɗayyabu ya ji tausayi ya kama shi. Ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce wallahi yau sai an yi hoton nan. Ya taka har inuwar darbejiya ya roƙi jama'a don girman Allah kowa ya riƙe hannunsa, ba fito, ba tari, ba gyara hula. Nafi'u ya ce ai wannan mai sauƙi ne, shi ma yana son ya ga ƙarshen abin. Ya juya ya ba da umarni, samari ashirin da wani abu suka harɗe hannuwa a ƙirji kamar 'yan makarantar da aka tsare. Shi kuwa Ɗayyabu ya cire hularsa ya cusa a baki ya cije, don kada bakin ya sake cin amanarsa.

Baba Sallau ya koma gindin durumi. Ya mayar da tabarau. Ya karanta duk addu'ar da ya sani ta hawa abin hawa, ya ƙara da ta shiga kasuwa don kada a yi rashi. Ya buga mashin, ya sunkuyar da kai yadda ya ga Nafi'u ya yi a fasta, ya murɗa.

Jama'a, ranar Baba Sallau ya yi gudu. Duk wanda ke wurin zai ba da shaida. Giya ta biyu, ta uku, sai aka ji ya saka ta huɗu, giyar da rabonta da aiki tun tana kamfani. Mashin ya yi wata ƙara da shi kansa mai shi bai san yana da ita ba. Iska ta cika rigarsa ta baya. Tsoro ya kama shi, daɗi ma ya kama shi, ya rasa wanne ya fi. Ya hango katanga tana tahowa, ya hango Ɗayyabu da hula a baki, ya hango samari sun miƙe tsaye hannuwa a harɗe. Ya ce a ransa, yau dai bakin kowa ya mutu.

To akwai wani ɗan lungu da ya ɓullo ta jikin katangar, dab da inda Ɗayyabu ya saita. Ta nan Iya Tabawa ta fito. Tun hantsi take jiran Sallau a ƙofar gida bai zo ba, ta gaji ta ɗora ƙwaryarta a ka, ta ɗauki sandarta ta kamo hanyar kasuwa da ƙafa, sai yanzu ta iso nan. Tana sako ƙafa a bakin titi ta ji ƙarar mashin ta cika duniya. Ta ja ta tsaya a gefe don ya wuce. Kuma da yake tana tsoron iskarsa ta ture mata kaya, sai ta ɗaga hannu sama ta dafe ƙwaryar.

Hannu a sama, a bakin titi, kuma hannun Iya Tabawa, wadda ya shekara goma sha yana ɗauka kullum.

Abin da ya faru a jikin Baba Sallau a wannan lokaci yaƙi ne sosai. Kai ya ce wuce. Ƙafar dama ta ce ina, ta hau birki. Hannun dama ya ce shi ba zai saki totur ba ko za a mutu, hannun hagu kuma ya rasa bayan wa zai bi sai ya damƙe kuloci. Mashin ya rage, ya rage, ya zo daidai kafaɗar tsohuwa. Bai tsaya ba, don Baba ya rantse ba zai sauke ƙafa ba, bai kuma wuce ba. Yana dai gangarawa kaɗan-kaɗan, inji na kururuwa kamar zai fashe, Baba Sallau a kwance a kan tanki, haƙora a cije, ido a gaba ta cikin baƙin tabarau.

Iya Tabawa ta jira. Ta ƙara jira. Ta leƙa fuskar mai mashin, ta dubi rana. Sannan ta gyara ƙwaryarta, ta dogara sandarta, ta ci gaba da tafiyarta ta gefen titi. A daidai nan Ɗayyabu, wanda idonsa ke cikin kyamara kuma hula ta hana shi cewa komai, ya danna.

Shi Baba Sallau, tsakanin ƙarar inji da duhun tabarau da bugun zuciya, bai san iyakar abin da ya faru ba. Ya san dai ya ɗan rage, amma a jikinsa yana jin har yanzu da sauran gudu. Ya kashe mashin ya sauko, ya nufo Ɗayyabu yana haki.

"An samu?"

Ɗayyabu ya zare hula daga baki. Ya dubi bayan kyamara ya daɗe yana dubawa. Kafin ya yi dabarar ɓoyewa, jama'a sun rufe su, kai a kan kai.

Hoto dai ya yi kyau, ba a magana. Ga Baba Sallau tar, har ana ganin jijiyar wuyansa. Ga mashin tar, kana iya ƙirga wayoyin taya ɗaya bayan ɗaya. Ga katanga a bayansa tar, ana karanta an hana zuba shara a nan ba tare da an matso ba. Har wata kaza da ke tsaye a kan katangar ta fito da idonta. Abu ɗaya ne kawai ya goge a cikin hoton nan. A gaban tayar mashin akwai wani zane-zane mai launin zanen atamfa, da farin ƙwarya ya ja layi a sama, da wani abu mai kama da sanda ya rabu uku.

Nafi'u ya gyara murya, ya tambaya a hankali kamar mai neman ilimi, "Malam Ɗayyabu, don Allah tuna mini. Me ke goge abu a hoto?"

Ɗayyabu ya dubi ƙasa. Wani daga baya, wanda ya taɓa jin bayanin a shago, ya amsa masa, "Gudu."

Baba Sallau ya ji duniya ta yi masa zafi. Ga la'asar ta kawo kai, ga batir ya ɗauke a hannun Ɗayyabu, ga 'yar autarsa na jiran fasta. Ya waiga neman wanda zai sauke wa haushinsa, sai ya hango Iya Tabawa, wadda duk wannan abin da ake yi ba ta kai ƙarshen katangar ba. Ya bi ta da sauri, jama'a suka rufa masa baya.

"Haba Iya. Haba Iya, don Allah. Tun safe nake wahala a titin nan, sai da na samu gudu ya kankama za ki shigo mini hoto? Duk faɗin hanyar nan ki rasa inda za ki bi sai gabana?"

Tsohuwa ta tsaya. Ta juyo da jikinta gaba ɗaya saboda ƙwaryar da ke kanta, ta ƙare masa kallo tun daga tabarau har takalmi.

"Au, Sallau, kai ne? To ai ban tare maka hanya ba, ɗan nan. Tsayawa na yi ina jiran ka wuce. Da na ga furar mutane za ta yi tsami, shi ne na wuce ka."